Akwatunan Sagiru a Ɗakin Injin Niƙa

Marka ta kama bana tun farkon watan Agusta, kuma har yau ba ta saki ba. Hatsin da aka surfa aka wanke ba ya bushewa, sai a kawo mini shi da danshi, inji ya cushe, in kwance, in goge masa haƙora, in mayar. Jiya da hantsi ina cikin wannan aikin wata tsohuwa ta zo da kwano a rufe da faifai, ta zauna can gefe, ta ƙi matsowa sai da kowa ya watse. Ban tambaye ta dalili ba. Na san shi tun wata marka da ta wuce shekara goma sha wani abu, wadda ƙanena Sagiru ya cika mini ɗakin inji da akwatunansa.

Zan bi abin daki-daki, don ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya.

Sunana Iro, ni ne mai injin niƙa a ƙauyenmu, gabas da Makoɗa. Karatuna bai wuce ƙaramar sakandare ba, daga nan mahaifinmu ya rasu na dawo gona. Sagiru ne autanmu, shi ya yi gaba. Ya gama sakandare, ya tafi Birni, ya shiga wata makarantar kwamfuta inda ake koyar da haɗa na'urori su riƙa aika wa juna saƙo. Da ya gama sai aka ce saura jarrabawar satifiket, wadda ba makarantar ke shiryawa ba, daga ƙasar waje take zuwa, kuma zama ɗaya kawai muka iya biya masa. Aka sa rana a ƙarshen Agusta. Wani mai aikin sa wa ofisoshi intanet ya ce masa in ya kawo takardar zai ɗauke shi aiki, in bai kawo ba akwai wasu suna jira. Ni ma na faɗa masa tawa tun kafin ya sauke kaya daga kan babur. In ya faɗi, gonar fadama tana nan, kuma ba za a sake maganar kwamfuta a gidan nan ba.

Kayan da ya sauke akwatunan ƙarfe ne guda uku, masu faɗi, tsofaffi, fentinsu duk ya koɗe. Wani malaminsu ne ya ara masa. Ya ce sunansu rauta. Akwai kuma laftof wadda batirinta ya mutu tuntuni, da buhu guda cike da wayoyi a cukurkuɗe, abin da ko kallonsa ba na son yi.

"A makaranta mu da yawa ne a kan akwati ɗaya, Yaya," ya ce. "Kafin layi ya zo kaina an tashi. Na karanta komai, hannuna ne bai saba ba."

"To hannun zai fara sabawa da fartanya. Noman farko ake yi."

Daminar da ta gabaci wannan, ruwa ya ɗauke gero yana bununi, dawa kuwa ko kai ba ta gama fitarwa ba. Rumbunan da suka saba kai mu kaka, tun bazara masu shiga ɗiba suka fara jin ƙasa a tafin ƙafarsu. Ruwan sabuwar shekara ya sauka da wuri, muka yi shuka, muka yi noman farko, muka shiga maimai ciki bai cika ba. Da safe koko ne mai ruwa-ruwa. Da rana kwaɗon tafasa ko na rama, da ɗan ƙuli-ƙuli in an samu. Tuwo sai da yamma, malmala ɗaya, kuma babu mai tambayar ƙari. Mutum yana sunkuye a kunya, in ya miƙe sai ya ga gari yana juyawa, ya dafa ƙotar fartanya har ya daidaita. Sagiru ya yi noman nan tare da mu, ba zan rage masa ba. Da asuba muke fita, da hantsi mu dawo, ni in buɗe ɗakin inji, shi ya biyo ni.

Dalilin biyo ni shi ne wuta. An kafa mana falwayoyi tun wani zaɓe, ba a taɓa ɗaura musu waya ba. Yanzu kowane shago da farantin sola a rufinsa, ga eriya a bakin gari, yara suna kwance a kan benci suna danne-danne. An ce ma masu irin karatun Sagiru a yau ba sa neman akwati, a cikin laftof suke gwada komai. A wancan lokaci wutar da ke garin kaf ita ce ta ɗan danamon da na ɗaura wa injina da bel ina yi wa mutane cajin waya. In inji yana juyawa akwai wuta. In ya tsaya babu.

Ya kafa benci a kusurwa, ya jera akwatunan, ya yi musu rumfar leda saboda ƙurar gari. Na ce duk abin da zai kwana a ɗakina sai na san aikinsa, don haka ya yi mini bayani. Ya ce kowane akwati kamar mararraba yake, saƙo ya zo masa shi zai zaɓi ƙofar da zai fitar da shi. Da farko sai ka ba kowace ƙofa adireshi. Sannan ka rubuta wa kowace ƙofa lambar unguwar da take. Sannan ka kunna musu tsarin da zai sa su gaisa da juna, kowa ya faɗa wa maƙwabcinsa hanyoyin da ya sani. Ya ce akwai tsohon tsari wanda yawan zango kawai yake ƙirgawa, akwai kuma wanda ake ce wa OSPF, mai duba kyawun hanya, kamar yadda zuwa Dambatta ta fadama ya fi kusa amma da damina kowa titi yake bi. Shi ne aka fi tambaya a jarrabawa. In ka gama, sai ka zare waya ɗaya tsakanin akwati biyu. In aikinka ya yi, saƙo zai zagaya ta na ukun da kansa ya isa.

Gaskiya abin ya burge ni, don tsari ne mai na ɗaya da na biyu da na uku. Na ce, "To me ya hana ka?"

Ya ce, "Wuta, Yaya."

Ina da doka biyu a ɗakin nan, kowa ya san su. Ta farko, inji ba ya tashi sai da hatsi a bakinsa. Ta biyu, ba na haɗa hatsin mutum biyu. Wadda ta fara zuwa ita nake fara yi wa, in kakkaɓe inji, in ba ta garinta, sannan ta gaba. A shekarar wadata dokokin nan ba sa takura kowa, don ƙwarya kan jeru tun daga ƙofa har gindin darbejiya, inji ya yi ta ruri daga hantsi har azahar. A wannan shekarar kuwa mutum ɗaya za ta zo da ɗan kwano a rufe, in niƙa, ta tafi. Sai a daɗe, har in fara gyangyaɗi, sannan wata ta ɓullo.

Su kuma akwatunan nan ban taɓa ganin abu mai nauyin barci irinsu ba. In na tayar da inji Sagiru ya kunna su, sai fankokinsu su ɗauki ƙugi, rubutu ya yi ta gudu a fuskar laftof, su yi ta miƙa. Kafin su gama farkawa na kusa gama niƙan. Ya rubuta layi biyu ko uku, ni kuma hannuna ya kai kan makashi.

"Yaya, don Allah ɗan ƙara mini kaɗan!"

"Hatsi ya ƙare."

"Ban yi sebin ba! Duk zai goge!"

"Da ka fara da sebin ɗin."

"Ai sai an rubuta abu ake sebin ɗinsa!"

"To ka rubuta da sauri."

Haka muka yi ta yi. Wani lokaci ya samu ya adana, wani lokaci komai ya tafi, ya dafe kai. Ranar da ƙwaryar ta ɗan yi nauyi, har addu'a nake jin yana yi wa mai ita.

Daga nan marka ta sauka. Sama ta rufe, ruwa ba mai ƙarfi ba amma ba ya tsayawa, katangu suka jiƙe har suna zubewa, tabarma tana wari, itace ya ƙi kamawa, hayaƙi ya cika gidaje. Rafi ya ciko ya cinye kwalbatin da ke tsakaninmu da titi. Masu baburan da ke kawo mini gas suka daina zuwa. Abin da ya rage mini jarka ɗaya ce, ita ma ba cikakkiya ba. Gas ɗin nan tuwon gari ne. Ba zan ƙona shi inji yana juyawa a banza don akwati ya gaisa da akwati ba, ko da ɗan uwana ne mai akwatin.

A hakan, da kaɗan-kaɗan, ya samu biyu suka gaisa. Na ukun ya ƙi. Har na koyi gane abin daga inda nake tsaye. In ya aika saƙon gwaji ya isa, sai wasu 'yan sanduna su jeru a baƙin allon. In bai isa ba, ɗigo-ɗigo ne. Kullum in ya gwada na ukun ɗigo ne.

Akwai Ladi, wata mata daga hayin rafi, cikin gidajen da kakanninsu Maguzawa ne, su kuma yanzu suna zuwa coci. Matansu da kansu suke noma, da kansu suke kawo niƙa, kuma bakin Ladi ba ya hutawa. Ko rafi ya ciko sai ta tsallako da kwano a ka.

"Injiniya, har yau baƙon naka bai amsa sallama ba?"

"Yana nan dai, Baba Ladi."

"Ko yunwa yake ji? Wanda bai karya ba ai ba ya son gaisuwa. Mai inji, ka ba shi ɗan gari mana."

Sagiru ya yi dariya, amma ni na ga yadda wuyansa ya rame. Ranar jarrabawa tana matsowa. Ya ce mini abin da yake bukata zama ɗaya ne mai tsawo, ya karanta abin da ke cikin akwatunan uku a jere ba tare da wuta ta yanke ba. A guntu-guntu, kafin ya kai na uku ya manta abin da ya gani a na farko.

Na zauna na yi tunani, na fito da tsari. Bayan sallar la'asar na tashi a masallaci na sanar cewa daga gobe inji sau ɗaya zai tashi a yini, bayan azahar. Kowane gida ya aiko da niƙansa a lokacin, a yi layi. Na aika hayin rafi ma aka faɗa. Lissafin a fili yake. Tashi ɗaya ya fi tashi goma sauƙin gas, kuma Sagiru zai samu wutarsa a haɗe. Maza suka ce madalla, Malam Iro ya kawo shawara.

Washegari bayan azahar na share ɗaki, na duba bel, na cika duron ruwan da ke sanyaya inji. Sagiru ya jera wayoyinsa. Babu wanda ya zo. Kashegari ma haka. Abin da na fara ji shi ne ƙarar taɓarya daga gidaje, kuma aka ce har duwatsun niƙa da aka jingine tun zamanin kakanni an kakkaɓe. Mutanen da ke yini da koko sun gwammace su yi daka da hannu. Sagiru ya zauna gaban matattun akwatuna yana zana da'ira uku a ƙasa da tsinke. Ko guntuwar wutar ma yanzu babu.

Ana nan sai ga Goggo Tabawa, ƙanwar mahaifinmu, ta shigo da buhu a ka saboda yayyafi. Tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, babu gidan da ba ta shiga a garin nan. Ko zama ba ta yi ba.

"Kai Iro, wa ya aike ka?"

"Goggo, ina wuni. Tsari na yi don a samu sauƙi."

"Tsarin gidanku. Ka san abin da ke cikin kwanonin nan da ake kawo maka?"

"Na sani mana, ba ni ke niƙawa ba?"

Na kuwa sani. Busasshen rogo ne, da dusa, da ƙanzo, da dawar da ƙwari suka huda. Gidajen da ake ganin girmansu ma abin da suke aikowa ke nan, da ɗan gero a sama don ido.

"To kai kaɗai ka sani," in ji ta. "Kai kuma Allah ya yi ka ba ka da fara'a ba ka da surutu, shi ya sa ake yarda a kawo maka. Kana ganin don me kowa take jira sai wata ta tafi? Yanzu ka ce a jeru a buɗe faifai a gaban 'ya'yan mutane. Kafin magariba an san gidan da ke cin dusa."

Na ce ai duk garin halin ɗaya ake ciki, mene ne abin ɓoyo? Ta dube ni kamar yadda take duban akuyar da ta shiga mata ɗaki. Har yau ban ga aibin tsarina ba, lissafinsa daidai ne. Mutane ne ba sa bin lissafi.

Ta juya wajen Sagiru. "Kai kuma auta, wutar yini nawa kake so?"

"Ko daga azahar zuwa la'asar, Goggo."

"Jibi ka shirya. Iro, zan kawo niƙa."

Abin da ta yi daga baya na ji. Ta bi gida-gida ta ce kowa ta aiko da abin da take da shi ɗakinta, na kwana da yawa, a rufe, kuma ɗaya bayan ɗaya. Ita kaɗai take buɗewa a bayan labule, ta auna, ta riƙe a ka, ta juye a buhu. Ladi ta yi haka a hayinsu, ita da 'yan uwanta suka tsallako da nasu a ka, ruwa har ƙugu. Ranar da ta faɗa, bayan azahar, sai ga amalanke a ƙofata da buhuna. Na kwance bakin ɗaya na sa hannu. Gero, dawa, masara, rogo, dusa, har da abin da ban gane ba, duk a gauraye.

"Goggo, wannan na mutum nawa ne?"

"Nawa ne."

"Kin san ba na haɗa hatsin mutum biyu."

"Wa ya ce maka na mutum biyu ne? Ni na kawo, buhuna ne. Ko tambayata za ka yi inda na samo?"

Ladi tana bayanta tana matse bakin zane. "Ni rakiya na yi, Mai inji. Ko ƙwaya ba ni da ita a ciki."

Na tsaya. Ƙarya ce tsagwaronta, su sun sani, ni na sani. Amma mutum ɗaya ce ta kawo, kuma hatsi ne a bakin inji. Na dubi Sagiru, ya riga ya ɗora yatsa a kan makunnin akwatin farko, ko numfashi ba ya yi sosai. Na tofa yawu a hannu na kama hannun inji na juya.

Ɗakin ya cika da hayaƙin gas da warin rogo mai tsami. A waje yayyafi yana ta sauka a kan kwano. Akwatunan suka yi miƙarsu suka farka, wannan karon babu mai katse su. Ina zubawa, Ladi tana tarewa, Goggo tana zaune a kan turmi a kife tana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Hatsin da danshi, dole in riƙa zuba shi a hankali ina zungura da sanda. Na bi da buhun farko sau biyu kamar yadda aka saba, na shiga na gaba. Duk lokacin da na waiga, Sagiru ya zare wayar laftof daga wannan akwati ya soka a wancan, yana bin rubutu da yatsa, leɓensa yana motsi. Ya gwada. Ɗigo. Ya sake. Ɗigo.

Buhun ƙarshe ya ƙare. Na kakkaɓe bakin inji, na miƙa hannu wajen makashi. Sagiru ko ɗagowa bai yi ba. Sai Goggo ta taso ta tsoma hannu a garin ta murza.

"Wannan ne niƙa? Ai tsaki ne. Kaji ka ga na ce zan ba?"

"Goggo, sau biyu na bi da shi. Taɓa ki ji."

"Na taɓa. Mayar."

"Wallahi Mai inji, haƙoran injin nan sun tsufa," in ji Ladi. "Sun kusa kamo na Goggo."

"Ke Ladi, ki kiyaye ni. Iro, na ce mayar."

Garin nan ya yi laushin da ko a ido ka sa ba zai yi maka komai ba. Amma mai niƙa ta ce bai yi ba, kuma ban taɓa sallamar mai niƙa tana ƙorafi ba. Na ɗauki kwano na fara mayarwa. Garin yana fitowa da zafi har yana ƙona tafin hannu. Ruwan duro ya fara tururi. Na zura kara a tanki na duba, gas ya yi ƙasa sosai. Na juye ragowar jarkar, na ɗaga ta sama har ɗigon ƙarshe.

Muna tsakiyar wannan sai na ji Sagiru ya buga benci.

"Ga shi! Ga shi nan! Lambar unguwa ce! Sauran duk sifili na sa musu, wannan ƙofofinsa na sa ɗaya. Yana ganin su ba 'yan unguwarsu ba ne, shi ya sa ya ƙi kula su!"

"To wa ya sa ka?"

"Ranar nan ce da ka kama makashi ina sauri."

"Kada ka ɗora mini. Ni na riƙe maka yatsa?"

Ya goge, ya gyara, muka zuba wa allon ido, har da Goggo da ba ta san ko alif na boko ba. Can sai wani layi ya faɗo da kansa, wani ya biyo shi. Ya ce sun gaisa. Ya aika saƙo, sanduna suka jeru.

"Saura gwajin. Yaya, zo ka zare mini wannan shuɗiyar. Ni zan kalli allo."

"Hannuna duk gari ne."

"Ba komai, zare kawai!"

Na goge hannu a riga, don ba a taɓa kayan aro da datti. Ya saki saƙo yana ta tafiya, sanduna suna bin juna. Na danna ɗan harshen wayar na zare. Ɗigo ya fito. Wani ya biyo. Na matso kusa da allon, ni da ba jarrabawata ba. Sai sanduna suka dawo, suka ci gaba da jeruwa, wayar tana hannuna.

"Ya kai?" in ji Goggo.

"Ya kai, Goggo. Ya zagaya ta wajen mai gardamar."

"Ashe ɗan kirki ne," in ji Ladi. "Baƙunta ce ta dame shi."

Na ce alhamdu lillahi, na nufi makashi. Sai yaron nan ya ce wai yanzu zai goge komai daga akwatunan uku ya sake ginawa tun daga farko, don a jarrabawa da agogo ake yi. Na ce ya goge me? Abin da muka kwashe damina muna nema? Kafin in rufe baki Goggo ta sake tsoma hannu a gari.

"Har yanzu da saura."

Abin da ke bakina bai dace da ƙanwar uba ba. Na ci gaba da mayar da garin da ya riga ya zama hoda. Ya goge ya gina, suka gaisa. Ya sake gogewa ya gwada tsohon tsarin mai ƙirga zango, ya dawo kan sabon. Ana kiran la'asar inji ya yi tari, ya sake yi, bel ya yi sanyi, ya tsaya. Tun da na sayi injin nan bai taɓa mutuwa ba da hannuna ba sai ranar.

Goggo ta kwashe garin ta kai ɗakinta, ta raba a bayan labulenta, kowa aka mayar mata da kwanonta a rufe. Yadda ta yi rabon ban sani ba, ban kuma ji wadda ta ce an rage mata ba.

Tuwon da aka tuƙa da garin nan kuwa, Allah kada ya maimaita. Launinsa kamar toka, ga ƙauri, ga ɗacin rogo, kuma ba ya tsayawa a malmala, sai ya baje a kwano yana bin yatsa. Shi aka ci a kowane gida, wannan hayi da wancan, kwana da kwanaki. Laifin kuma duk a kaina ya sauka. In na shiga masallaci sai an tare ni.

"Malam Iro, injin naka lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Gas ne babu."

Wani dattijo har da ɗaga murya, wai tsabar gero iyalinsa suka aika aka dawo musu da wannan abin. Na san abin da iyalinsa suke aikowa tun farkon damina. Na ce ya yi haƙuri.

Ana gobe jarrabawa Sagiru ya shirya. Ya ƙulle kayansa a leda ya ɗora a ka, don sai ya ratsa rafi ya taka zuwa titi kafin ya samu mota. Na raka shi bakin ruwa na miƙa masa jarkar da babu komai.

"Yaya, jarrabawa fa zan je."

"Na sani. Ko ka ci ko ka faɗi, kada ka dawo mini babu gas."

Haka ya shiga Birni da jarka a hannu. Ya ce a wajen mai gadi ya bar ta.

Ranar da ya dawo rana ta fito karon farko bayan tsawon lokaci, ƙasa tana tururi, gero ya fara ƙosawa har wasu sun fara gasa tumu. Ina zaune a ƙofar ɗakin inji, Goggo tana gefe tana tsinkar zogale, sai muka hango shi tsakanin gonaki, jarka a ka, taɓo har gwiwa. Yana isowa ya fara cusa hannu cikin riga zai zaro wata leda.

Na ce, "Sauke jarkar tukuna."

Ya sauke. Na buɗe, na sansana, na tsoma yatsa na murza, don masu sayarwa a bakin titi sukan gauraya da kananzir. Gas ne mai kyau. Na rufe na ajiye a inuwa. Sannan na ce ya kawo takardar.

"An ci, Yaya."

Goggo ta saki guɗa har kajin maƙwabta suka watse. Na duba takardar daga sama zuwa ƙasa. Turancin ya fi ƙarfina, amma sunansa da na mahaifinmu an rubuta su daidai.

"Akwatunan can sun kai waɗannan gardama?"

"Babu akwati ko ɗaya, Yaya. Zane ne kawai a fuskar kwamfuta, sai ka danna ka yi rubutu."

"Zane."

"Zane."

"Wato gas ɗina, da garin mutane, da maganar da na sha a masallaci, duk a kan zane?"

"Ba don waɗannan ba da ban gane zanen ba. Hannuna da kansa yake tafiya, har lokaci ya rage mini."

"Kai dai Iro ba a iya maka," in ji Goggo. "Ka ce masa barka mana."

Na ce barka. Na miƙa masa takardarsa na ce ya kai ɗaki kada ta jiƙe, ya naɗe wayoyin nan ɗaya-ɗaya yadda mai su zai ji daɗin karɓa, sannan ya dawo ya riƙe mini mazurari. Mutane sun gaji da daka.